Ranar da Hannun Irmiya Ya Yi Rawa

Da Mama Rahila ta yi haƙurin ko da wata guda kafin ta tashi ba da shaida a coci, da ɗanta Irmiya bai shiga wannan tsaka mai wuya ba. Amma ina. Kwana tara kacal ya yi bai sha ƙwaya ba, ranar Lahadi ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta fito gaban ikkilisiya ta ce Ubangiji ya raba ɗanta da ƙwayar tiramol. Mata suka rangaɗa guɗa, aka buga tulu, aka sa Irmiya ya miƙe tsaye kowa ya gan shi. Ikkilisiyar kuwa ba wata babba ba ce. Kiristocin unguwar Takur nawa ne duka-duka? Kowa ya san ƙofar gidan kowa, har da abin da aka dafa a ciki. Ranar Laraba ta wannan makon Irmiya ya koma wa ƙwayarsa.

A gidan bulo ya koya. Wani abokin aikinsa, Sadisu, shi ya ba shi ta farko ranar da bayansa ya riƙe suna tsakiyar lodi. Sadisu dai ya yi aure ya koma Buji noma, ya bar shi da ita. Kafin shaidar Mama, in ya sha, shi da kunyarsa ne kawai. Yanzu kuwa in ya ɓare ƙwaya ɗaya sai ya ji kamar jama'ar coci gaba ɗaya yake mayarwa maƙaryata. Ba ya iya bari, kuma babu bakin da zai ce wa kowa bai bari ba.

Ga shi tun yana ƙarami ba shi da buri sai aikin soja, kuma bana ce shekararsa ta ƙarshe. Baɗi ya wuce shekarun da ake ɗauka. Ya cike fom, an buga masa a takarda, saura shafi ɗaya na wanda zai tsaya masa. Wannan shafin kowa ya san na Baba Zakka ne, tsohon saje, dattijon ikkilisiya, mutumin da ko sanarwa zai yi a coci sai ka ɗauka fareti yake bayarwa.

Baba Zakka bai ce zai sa hannu ba, bai ce ba zai sa ba. Cewa ya yi, “Ka riƙa fitowa kullum in an fito daga sallar asuba. Kai a ƙasa, ni a keke.”

Haka suka yi mako biyar. Daga Takur su miƙe titi, Irmiya a gaba cikin sabon kambas ɗin da matasan coci suka saya masa, tsohon yana biye da kekensa mai ƙara, har gindin duwatsu inda wasu dabinai suke. A nan Baba yake jingine keke, ya kama hannuwan Irmiya duka biyu, su yi addu'a. Haka yake yi wa kowa. Ko jaririn da aka kawo masa, sai ya riƙe ɗan hannunsa kafin ya buɗe baki.

Ba a kan komai Irmiya ya yi kuskure ba sai a kan tsawon addu'ar. Ranar da ya sha ƙwaya, gudu yake kamar an biyo shi, Baba ya yi addu'a gajera, su juya. Ranar da ya daure bai sha ba, domin yakan gwada, Allah ya sani yakan gwada, ƙafafunsa sai su yi nauyi, hanci yana zuba, hannu yana karkarwa. A irin ranakun nan tsohon yake tsawaita addu'a har rana ta fara zafi, yana ta godiya. Irmiya ya ɗauka tausayi ne, irin addu'ar da ake yi wa wanda ba a sa ran zai kai labari. Abin yana ƙona masa rai.

Shi ya sa ranar Litinin da Baba ya ce ya zo da fom, sai ya haɗiye biyu kafin ya fito. Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ya isa gindin dabino ya tsaya yana jiran keke, ƙirjinsa ko ɗagawa ba ya yi sosai. Baba ya iso yana haki, ya kama hannuwansa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, “Ya Uba, kai ka sani. Amin.” Ya ciro fom daga kwandon keke ya miƙa masa yadda ya karɓa.

“Baba, ba ka sa hannu ba.”

“Ban sa ba.”

“Yau fa na riga ka da nisa.”

“Na gani. Guda nawa ka sha?”

Irmiya ya buɗe baki zai rantse, tsohon ya ɗaga masa hannu.

“Kada ka ƙara wani a kan wanda kake ɗauke da shi. Shekara ashirin da shida na yi a bariki, yaro. Na riƙe hannun masu irin ciwonka sun fi a ƙirga, wasu har na raka gawarsu gida. Wanda ya bar wannan abu kwanan nan, hannunsa rawa yake yi, yana gumi. Naka yau a bushe yake, ko motsi ba ya yi.”

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun makon farko. Kana tsammani don me nake daɗewa ina godiya wasu ranakun? Ranar da hannunka ke rawa, ranar ce nake ganin kana yaƙi. Sau goma sha ɗaya na lissafa.”

Kunya ta rufe Irmiya, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da aka tsayar da shi a coci. Ashe ranakun da yake ɓoye hannu a aljihu su ne kaɗai abin da yake da shi a wajen tsohon nan.

“Ranar Juma'a ake rufe buga wa fom hatimi a sakatariyar ƙaramar hukuma,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

“Na san ranar. Ba zan sa sunana a miƙa wa ƙwaya bindiga ba. Gobe ma ina nan da kekena.”

Da ya koma gida, Mama Rahila ta tare shi da kofin koko tana ce masa sojana. Ta tambaye shi ko Baba ya sa hannu, ya ce sai Juma'a. Ta ce ai ta sani, wanda Ubangiji ya kwance ba mai sake ɗaure shi. Ya shige ɗaki da kokon bai sha ba.

Kwana ukun nan ba su da daɗin faɗa. Bai je gidan bulo ba. Gaɓoɓinsa kamar ana sara, ciki yana murɗawa, zazzaɓi ba zazzaɓi ba. Mama ta ce sauro ne, ta dafa masa ganyen darbejiya. Sauran ƙwaya biyu suna cikin kwalin kambas a ƙarƙashin gado, kuma ko bango ya juya wa fuska ya san daidai inda suke. Ya yi addu'a, in dai ana kiran wannan addu'a: “Yesu, riƙe ni,” ba ƙari. Talata da Laraba ya fita ya yi rabin hanya ya dawo a bayan keke. Alhamis ko tashi bai iya yi ba.

Ranar Juma'a ya ɗauko ƙwayoyin ya duba su, ya kasa sha, ya kasa zubarwa, ya cusa su a cikin safa. Ya fito. Masu dawowa daga masallaci suna yi masa sannu, wani ma ya tambaye shi ko lafiya. Saura kaɗan ya kai dabinai ƙafafu suka ƙi, ya durƙusa a gefen titi ya yi ta amai. Baba Zakka ya sauka daga keke, ya jira shi ya gama, ya ba shi ruwa. Sannan ya durƙusa shi ma, da tsofaffin gwiwoyinsa, a kan tsakuwa, ya kama hannuwan. Rawa suke yi har suna girgiza nasa.

“Ubangiji Allah, ga Irmiya, ɗan baiwarka Rahila. Mun riga ka yin sanarwa, ka gafarta mana. Bai fita ba tukuna, amma ga shi yana ƙoƙarin ƙofa. Ka ba shi ƙarfin yau. Na gobe za mu zo mu sake roƙo. Cikin sunan Yesu Almasihu.”

Irmiya ya ce amin, hawaye yana zuba, ya bar shi ya zuba.

Tsohon ya karɓi fom daga wajen Irmiya, ya ɗora a kan sirdin keke ya sa hannu, sannan ya miƙa masa biro.

“Baba, saura mako uku tantancewa. A haka ba zan iya gudun ba. In kuma na sha, gwajin fitsari zai kama ni.”

“Na sani.”

“To yaya zan yi?”

“Ka sa hannu a naka layin tukuna.”

Ya kama biro. Yana jin ƙwayoyin nan biyu suna tokarar idon sawunsa a cikin safa. Baba bai tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Ya yi ƙoƙarin rubuta sunansa, biro ya ƙi tsayawa a layi, haruffan suka fito a karkace, wani ya hau wani. Ya dubi abin da ya rubuta.

“Na ɓata shi. Bari in je a sake bugo wani.”

Baba Zakka ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa ya duba, ya ninke ta a hankali ya sa masa a aljihun riga.

“Bar shi haka,” in ji shi. “Gobe ma ka zo min da wannan hannun.”