Tukunyar da Ruwa Ya Wanke

Aikina a asibiti turin tukwanen iska ne. Ni ba likita ba, ba nas ba, ko farar riga ba a taɓa ba ni ba. In numfashin mara lafiya ya yi wuya sai a kira ni, in ɗora tukunyar oksijin a amalanke, in kai ta bakin gado, in ɗaura mata kai, in murɗa da sifana, in koma sito. Shekara goma sha ɗaya ina wannan turi, kuma ban ji akwai mutum biyar a asibitin da suka san sunana ba. Mai Iska ake ce mini. Masu shara in sun so tsokana sai su ce Ɗan Iska, ni kuma in ce da su aƙalla ni ba na yawo da bokitin amai.

Tukunyar iska ba ta nuna abin da ke cikinta. Cikakkiya da wadda ta ƙare duk kamanninsu ɗaya, ƙarfe ne baƙi mai tsawon mutum, kuma nauyinsu bai bambanta sosai ba sai ga wanda ya natsu. Akwai agogon da ake ɗaurawa a kai mai nuna saura nawa, amma na ɗakin yara allurarsa ta maƙale a tsakiya tun bara. Sau uku ina kai ƙara wurin Oga, mai kula da sito, yana cewa an rubuta. Don haka da alli muke aiki. Duk tukunyar da ta ƙare sai in zana mata gicciye a kafaɗa, in jingine ta a tsakar gida jikin katanga. Cikakku kuwa a cikin sito suke, babu zane. Wannan dabarar tawa ce, har alfahari nake yi da ita.

Yayata ce ta raine ni bayan rasuwar iyayenmu. Tela ce, shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da keken ɗinki biyu da madubi mai tsaga. Ita ta koya mini alwala, kuma ta koya mini ne da bakin takalmi. Shekara goma sha huɗu ta yi da aure ba ta samu haihuwa ba, tana roƙo ba dare ba rana, sannan ta haifi 'ya mace. Aku muke kiran yarinyar, don tun da ta fara magana ba ta sake rufe baki ba. Tana da shekara shida ciwon haƙarƙari ya kama ta, aka kwantar da ita a ɗakin yara na asibitinmu. Yaya har murna ta yi, wai ga kawunta a kusa.

Ranar Talata ce, bayan azahar. Motar kamfani ta kawo cikakkun tukwane, Oga ya tafi taro da makullin sito a aljihunsa, direba ya ce shi ba zai jira kowa ba, ya sauke su a tsakar gida daf da waɗanda suka ƙare. Bai kai bakin ƙofa ba hadari ya haɗo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin awa, wuta ta ɗauke, injin da ke ba Aku iska ya tsaya. Nas ta kira ni a waya tana haki, ta ce gado na bakwai, maza. Na san wace ce a gado na bakwai.

Na fita da gudu cikin ruwan. Tukwane wajen ashirin a tsaye, duk sun jiƙe suna sheƙi, babu zane a jikin ko ɗaya. Na duba ta kusa da ni, na ga kafaɗarta tas, na rungume ta na ɗora a amalanke. A ɗakin na ɗaura kai, na murɗa, iska ta yi fuu ta fito, ruwan 'yar kwalbar da ke jiki ya fara kumfa. Tukunyar da ta ƙare ma takan rage ɗan abu a ƙasanta, na san wannan sarai, amma a lokacin bai zo mini ba. Aku ta dube ni ta saman robar da ke hancinta, ta ɗaga mini yatsa biyu. Na ce wa Yaya ta kwantar da hankalinta, an gama. Aka kira ni ɗakin tiyata, na tafi.

Kafin in dawo an ja labule a gado na bakwai.

Likita ya ce ciwon ne ya fi ƙarfinta. Nas tana can kan wani yaro mai jijjiga lokacin da abin ya faru, babu wanda ya tuhumi kowa. Da yamma na je ɗauko tukunyar, ina karkato ta jikina ya gaya mini wadda ta ƙare ce na ɗauko. Na kai ta bayan sito inda haske yake, na duba kafaɗarta da ta bushe. Gicciyen yana nan, dishi-dishi, hannuna ne ya zana shi. Na sa babban yatsa na goge shi, na waiga ko wani ya gani. Na faɗi wannan ne don a san da wane irin mutum ake magana.

Yaya ba ta yi kuka ba. Masu gaisuwa suka yi ta yaba haƙurinta, suna cewa ga mace mai tawakkali. Ni da na san ta, na tsorata, don Yaya ko kyanwar maƙwabta ce ta mutu sai ta zubar da hawaye. Bayan mako guda ta buɗe shago. Bayan mako biyu mijinta, direban motar haya, mutum mai sanyin hali, ya tare ni a ƙofar asibiti ya ja ni gefe. Ya ce ta naɗe dardumarta ta ɗora a saman sif. Ya ce ba ta faɗa, ba ta zagi, tana girki tana wanki, amma in aka kira salla sai ta ci gaba da abin da take yi kamar ƙarar mota ta ji. In wadda ta kawo ɗinki ta ce za ta dawo jibi in Allah ya yarda, sai Yaya ta ce jibi dai.

Ya kawo mata limamin masallacinsu, dattijo mai hankali, ba irin masu tsawa ba. Ina wurin, a takure a bakin ƙofa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare shi har ya gama. Sannan ta tambaye shi, cikin ladabi, sunan mutumin da zai ga yarinya tana nutsewa a kududdufi, hannunsa yana iya kaiwa, ya tsaya yana kallo. Liman ya ce ba a kwatanta Ubangiji da bayinsa, kuma duniya gidan jarrabawa ce. Ta ce ta ji, amma wa ake jarrabawa, ita ko yarinyar da ta yi ta neman numfashi tana yaƙushin zanin gado? Ya ce Aku tana inda ya fi nan. Ta ce to me ya hana a kai ta can ba tare da an shaƙe ta ba. Ya ce akwai hikimar da ba mu gani, shi ma ya binne 'ya'ya biyu bai gan ta ba, amma ya zaɓi ya jira. Wallahi amsar ta ratsa ni. Yaya kuwa ta yi masa godiya, ta raka shi har waje.

Da ta dawo ta ce wa mijinta, ba tare da ta ɗaga murya ba, abu biyu ne: ko dai babu kowa a can, ko kuma akwai amma bai damu ba, kuma ita ta fi samun sauƙi da na farkon. Mijin ya toshe kunnuwansa da hannu biyu kamar ƙaramin yaro. Ni na yi istigfari a zuciyata, na fita ban yi sallama ba.

Daga ranar abinci ya daina shiga mini. Mutuwar Aku na iya ɗauka, ko in ce na koyi ɗauka, ina tura amalanke ina haɗiye ta. Abin da ya fi ƙarfina shi ne tsoron kada matar da ta koya mini salla ta mutu a haka, ba ta salla, a kan laifin da na san mai shi. Tana tuhumar Allah da abin da ni na yi da hannuna, ni kuma ina laɓe a bayansa ina karɓar gaisuwa. Duk motar da ta wuce da gudu a titin shagonta sai gabana ya faɗi. In na ga ta yi tari sai in ce shi ke nan. Na san abin da faɗin gaskiya zai jawo mini: aikin zai tafi, wataƙila har da 'yan sanda, kuma ba ni da sauran yaya a duniya. Amma na yi lissafi irin na mai turin ƙarfe, na ce in ta samu mutum da za ta tsana, za ta saki Ubangijinta. Sai da na yi wata biyu ina ɗaga ranar.

Wata la'asar na je shagon. Ita kaɗai ce, tana farke ɗinkin wata riga da reza. Ta nuna mini benci da haɓa. Na zauna, na ce Yaya, magana ce ta kawo ni, don Allah kada ki katse ni sai na gama. Na faɗa mata duka, makulli da ruwa da alli da agogon da ya maƙale, har da yatsan da na goge zanen da shi. Ina magana ina jiran ta jefe ni da almakashi, kuma da ta jefa da na gode. Ta dai ci gaba da farkewa, zare ɗaya bayan ɗaya.

"Allah bai kashe miki 'ya ba, Yaya," na ce. "Ni ne. Ki tsine mini in kin ga dama, amma ki sauko da dardumar nan."

Ta ajiye rezar a kan keke. Ta ce ta sani.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce ranar tana zaune a bakin gadon, carbi a hannunta, ta ga kumfar kwalbar tana raguwa har ta tsaya cak. Ba ta san ma'anarta ba. Ta ɗauka haka abin yake aiki, sai ta rufe ido ta ci gaba da roƙo, tana jin Aku tana motsi, ita kuma tana cewa a ranta barci ne yake ɗaukarta. Bayan kwana goma ta koma asibitin karɓo takarda, ta ga kwalbar wani yaro tana kumfa ba tsayawa, ta tambayi wata nas me ke nan. Nas ta ce ai ita ce shaidar iska tana tafiya, in ta tsaya to tukunya ta ƙare. Kuma ta san wanda ya kawo tukunyar.

"Me ya sa ba ki ce mini komai ba?"

"In ce me? Na ga yadda ka shigo, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafarka. Kai na yafe maka tun a bakin ƙofar asibitin." Ta matso da kujerarta har gwiwarta ta taɓa tawa. "Tambaya ɗaya zan yi maka, ƙanena. Da ka san babu komai a cikinta, da ka ɗaura?"

Na ce wallahi da ban ɗaura ba.

"Ni ma da na san abin da kumfar take nufi, da ihuna sai an ji shi a titi. Taku goma ne tsakanina da nas." Ta riƙe hannuna, tafinta a bushe, da sanyi. "Kai ba ka sani ba. Ni ban sani ba, ina ma magana da shi ne a lokacin, sunansa ne a bakina. An ce mini shi yana ganin cikin ƙarfe. To ya gani?"

Na buɗe baki. Duk abin da aka koya mini yana nan a kaina, yawancinsa ma ita ta zuba shi. Na ce Yaya, ki ji tsoro. Ta ce abin da take tsoro ya riga ya faru.

Ana cikin haka aka kira salla a masallacin bayan shagon. Ta saki hannuna, ta ɗauki rigar, ta nemo inda ta tsaya da farka. Ta ce in tashi in je kada in rasa jam'i, ba ta so a ce ita ta hana ni. Na miƙe. Ina bakin ƙofa ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yaro, ta ce in na je, in har na samu wani yana sauraro, in tambayar mata.

Na yi alwala, na shiga sahu tsakanin wani mai faci da wani tsoho mai tari. Liman ya tayar, kowa ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Sai da mai facin ya zungure ni da gwiwar hannu na lura har sun yi ruku'u, ni ina tsaye hannuwana a sama, ko kabbarar ban yi ba.