Allura a Bakin Goggo

Karo na uku ke nan a zangon karatun nan da Auta ta kawo rigar makarantarta shagon Goggo a rage mata faɗi. Shekararta goma sha shida. A gida cewa ake ta zama 'yar gayu. Ba wanda ya lura a kwandon shara abincinta yake ƙarewa, ko ya tambayi abin da ya hana ta naɗe hannun riga in tana wanke-wanke.

Ta sha gwada faɗa. Ta taɓa farawa a kicin, "Mama, ni fa," sai Mama ta ce ta miƙo mata murfin tukunya. Yayarta kuwa dariya ta yi, ta ce a ba ta sirrin ramewa ita ma. Abin da Auta take nema ba shi da yawa. Mutum ɗaya take so ya saurare ta har ta kai ƙarshen magana.

Goggo, ƙanwar babanta, ta fi kowa surutu a dangi. Amma tana da ɗabi'a: in za ta gyara riga a jikin mutum, sai ta jera allurai a leɓenta, kuma ba ta magana sai allurar ƙarshe ta fita.

"Nan gaba sai dai in auna tsintsiya in ɗinka miki," in ji Goggo. "Hau benci, 'yar nan. Miƙe."

Ta cika bakinta da allurai, ta durƙusa.

Auta ta kafa ido a kan keken ɗinkin da ke jikin taga.

"Goggo, ba na cin abinci," ta ce. "In na ci, sai in ji na tsani kaina. In abin ya yi min yawa, ciwo nake ji wa kaina. A hannu."

Hannun Goggo ya tsaya. Tana iya tofar da alluran a tafinta, amma ba ta yi ba. Ta ci gaba da soka su a gefen rigar a hankali, ta bar guda ɗaya a baki.

Auta ta faɗi lokacin da abin ya fara, da 'yan ajinsu da suka riƙa kiranta buhu, da yadda take kewar zaman cin abinci ba tare da tsoro ba. Ba a katse ta ba.

Sai da ta gama Goggo ta zare allurar, sannan ta bi na jikin rigar ta cire su duka.

"Ba zan rage ta ba. Gobe ni da ke za mu ga likita. Mamanki fa, ke za ki gaya mata ko ni?"

"Ni nake so in gaya mata. Ba za ta bari in gama ba ne."

Goggo ta dubi gwangwanin allurai, ta rufe shi, ta jefa a jaka.

"Sauko," ta ce. "Mu je wurin Mamanki."