Fadamar da Aka Hutar

Direban motar madara ne ya kawo labarin da hantsi, bai ko tsaya sauke garwaye ba. Ya tarar da shugaban ƙungiyar masu shanu a rumfar da ake yi wa dabbobi allura, a durƙushe yana cire wa wata karsana ƙaya daga kofato.

"Baba, yau za su zo," in ji direban. "Mutanen ofishin filaye. Na baro su suna shan mai, wakilin kamfanin nan yana biye da su. Kamfani ya kai ƙara cewa an yi watsi da fadamarku, babu mai kiwo a cikinta. Za su duba da idonsu, in sun tarar haka ne, a ba shi ya kewaye ta da waya."

Shugaban bai ɗago ba sai da ya zare ƙayar, ya saki ƙafar karsanar a hankali. Dattijo ne da ba a san shi da gaggawa ba. A gabansa ana ce masa Baba, a bayansa kuwa matasa na kiransa Baba Ƙa'ida, domin ba ya yanke magana sai ya faɗi wanda ya taɓa yanke irinta da abin da ya biyo baya.

Bara aka kafa ƙungiyar, bayan da kamfanin ya zagaye tudun gabas da waya mai ƙaya, ya datse burtalin da shanu ke bi zuwa rafi. Abin da ya rage wa jama'a shi ne fadama, wadda ita ce ke riƙe garkuna idan rani ya tsananta. Shawarar farko da ƙungiyar ta yanke ita ce komawa ga tsarin magabata: daga saukar ruwan farko a rufe fadama, kada kofato ya taka ta, har sai ciyawa ta yi kai, ta nuna, ta zubar da iri. Suka yi rantsuwa, suka kuma cika. Duk damina shanu na tudun yamma suna fama da guntuwar ciyawa, ita kuwa fadama ta tashi har ta shanye mutum. Hanyoyin shanu suka ɓace a cikinta, ruwa ya wanke kashin bara. Duk baƙon da ya kalle ta zai ce ba a taɓa kora saniya a nan ba.

Kafin rana ta ɗaga sosai rumfar ta cika. Wanda ya fara magana shi ne ƙanen shugaban, wanda har yau ake kira Auta duk da furfurar da ta ci gemunsa.

"Yaya, maganar ba ta da tsawo. A buɗe. Kowa ya koro garkensa mu zuba su ciki, in mutanen nan sun zo su ga shanu, su ga sawu, su koma."

"Ciyawar ba ta zubar da iri ba," in ji shugaban. "Jiya na shiga da ƙafata na murza. Ɗanye ne shar."

"To ɗanye ko busasshe, wa za a bar wa? Kamfani?"

"A zamanin mahaifinmu an taɓa buɗe ta da wuri saboda roƙon wani babban mutum. Ƙasa na jiƙe, kofato ya dama ta kamar za a yi gini. Da rani ya zo ta daskare, ko akuya ba ta sami abin tsinka ba. Kai kana goye a lokacin. Ni na ja gawarwaki da hannuna."

"Allah ya jiƙan mahaifinmu, amma shi ba a zo masa da waya ba!"

Daga bakin rumfa wata dattijuwa ta yi gyaran murya. Ita ke riƙe da garken mijinta tun rasuwarsa, ana kiranta Uwar Maruƙa saboda babu maraƙin da ke mutuwa a hannunta.

"Ni dai tunda nake," in ji ta, "ban taɓa jin wanda aka ƙwace wa riga don ya wanke ta ya shanya ba, sai mu. Da mun bar ta da dauɗa a jikinmu, da ba wanda ya ce ba ta da mai ita."

Wasu suka yi dariya, amma gajeriya. Shugaban ya ce a tsaya a yi wa jami'an bayani kamar yadda ake yi tsakanin masu hankali. Wani ya amsa daga baya cewa bayanin da aka yi a kan tudun gabas ma ai masu hankali ne suka saurara. Daga nan magana ta watse. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nufi tudu inda shanunsa suke, ba tare da an ce an tashi taro ba. Auta ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ban taɓa tsallake maganarka ba, Yaya. Kada ka sa in fara yau."

Shugaban ya ɗauki sandarsa ya nufi fadama. Mashigarta ɗaya ce, tsakanin wani kwazazzabo da kurmin ƙaya, inda aka kafa turaku biyu aka gicciya kututture. Ya tsaya a gaban kututturen ya dogara sanda.

Ba a jima ba garkunan suka fara gangarowa. Shanun sun rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu, da iska ta kawo musu ƙamshin ɗanyar ciyawa kuwa sai suka ɗaga hanci suka shiga kuka. Makiyaya na ta kai da kawo a gabansu da sanduna. Garke ya haɗu da garke, ƙaho na gogar ƙaho, har filin da ke gaban mashigar ya cika. Garken shugaban ma yana ciki, wani ya koro masa ba tare da ya tambaye shi ba.

"Matsa, Yaya," in ji Auta.

"Ba zan matsa ba."

"Motar mutanen ofishin ta kafe a laka wajen gada, ana tura ta. Yanzu za su iso. Ka matsa don girman Allah, shanun nan ba su san kai ne shugaba ba."

Dattijon ya dubi taron shanun, ya waiwaya ya dubi ciyawar. Ya san abin da wannan adadin kofato zai yi wa jiƙaƙƙiyar ƙasa kafin azahar. Ya kuma san cewa Auta bai yi ƙarya ba: idon baƙo ba zai ga hutu a nan ba, kufai zai gani. Ya ɗaga sandarsa har hayaniyar mutane ta lafa, ko da yake ta shanu ba ta lafa ba.

"Ku saurara. Ranar da muka yi rantsuwa mun faɗi hukuncin wanda ya shigar da shanunsa kafin lokaci. Duk tsawon rani garkensa ne na ƙarshe a mashaya, bayan kowa ya sha, kuma ba ya sake zama a kujerar ƙungiya. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji Uwar Maruƙa.

"To garke ɗaya zai shiga, su ga shanu a fadama. Garke ɗaya ba zai kashe ta ba. Nawa ne zai shiga, hukuncin kuma ya hau kaina."

Wani mai ƙaton rawani ya yi tsaki. "Wayo ke nan! Naka su cika ciki, namu su tsaya kallo?"

"Zo ka karɓa," in ji shugaban, ya matsa gefe ya nuna masa kututturen. "Bismillah. Naka su shiga, nawa su tsaya. Da rani kuma mu haɗu a mashaya."

Mutumin bai motsa ba. Babu mai shanu a wurin da bai san abin da ake nufi da sha a ƙarshe ba: ruwan da ya rage a gindin kwamin ruwa bayan garkuna sun dama shi, rana ta take, tsofaffin shanu da masu ciki su ne ke fara kwantawa.

"Yaya, garkenka rabinsa masu ciki ne," in ji Auta, muryarsa ta sauka.

"Na sani. Kama mini kututturen nan."

Suka ɗaga shi tare. Aka ware shanun shugaban da ƙyar, aka tura su ta ƙofar, aka mayar da kututturen. Suka kutsa cikin ciyawa har ba a ganin komai sai ƙahoni da tozo. Ganin 'yan'uwansu na ci, sauran garkunan suka ƙara matsowa, makiyaya suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna tare su.

A haka motocin suka iso, duk sun yi buɗu-buɗu da laka. Jami'ar ofishin filaye ta fito, mace mai matsakaicin shekaru, da takalman roba a ƙafarta. Wakilin kamfani ya riga ta isa bakin mashigar, ya leƙa, ya yi murmushi.

"Ranki ya daɗe, ki dubi sawun nan. Sabo ne fil. Yanzu aka zuba su don a rufe miki ido."

Jami'ar ta gai da dattijon da ladabi, sannan ta tambaye shi, "Baba, tun yaushe shanun nan ke kiwo a ciki?"

Auta ya zuba wa yayansa ido.

"Ɗazu suka shiga, 'yata. Kafin ku iso da kaɗan."

Wani daga cikin makiyayan ya saki salati. Auta ya juya baya ya dafe kai.

"Kafin yau fa?"

"Tun ruwan farko babu saniyar da ta taka ta. Mu muka hana. Muna hutar da ita ne har ciyawa ta zubar da iri, domin ita za mu ci da rani. Haka iyayenmu suka yi, su ma haka suka tarar."

"Ya faɗa da bakinsa," in ji wakilin. "Duk damina babu kiwo."

Jami'ar ta dubi ciyawar. "Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma abin da aka aiko ni in gani shi ne ko ana amfani da wuri ko ba a yi. Kowa zai iya cewa hutar da ƙasa yake yi. Me zan ce na gani?"

Shugaban ya buɗe baki zai kawo mata misalin shekarar babban fari, sai ihu ya tashi daga hagu. Wani baƙin bijimi ya ture makiyayin da ke gabansa ya nufi mashigar, garken da ke bayansa ya biyo shi. Wakilin kamfani ya ruga ya shige mota. Jami'ar ta ja da baya har ta jingina da turke. Dattijon yana tsaye a gaban kututturen, ba shi da wurin kaucewa, kuma bai nemi kaucewa ba.

Auta ne ya tari bijimin. Ya sheme shi da sanda a hanci, bijimin ya kaɗa kai ya ɗebe shi ya watsar gefe. Kafin ya kai ƙasa mutane sun rufar wa bijimin, mai ƙaton rawani a gaba, rawanin ya warware yana jan laka. Uwar Maruƙa ta cire mayafinta tana kaɗa shi a fuskar shanun tana kiran kowace da irin kiran da take ji. Aka yi ta bugu da ihu da turereniya, sawu na zamewa a laka, har bijimin ya juya, na bayansa suka tsaya cirko-cirko suna huci. Ko ɗaya ba ta tsallake kututturen ba.

Aka ɗago Auta, hannunsa na hagu na lilo. Ya dubi yayansa yana cije baki.

"Ka gani ko? Da ka bari an buɗe, da yanzu hannuna lafiya lau."

"Da ka iya riƙe sanda, da bai same ka ba," in ji dattijon, yana tallafe shi.

Jami'ar ta daɗe tana kallon jerin mutanen da ke tsaye tsakanin shanu masu yunwa da ciyawa. Sannan ta gyara tsayuwa.

"Yaushe kuke buɗewa?"

"Idan iri ya zuba, ƙasa ta bushe."

"Zan ce na tarar da shanu a ciki, na kuma tarar da masu wuri suna tsaron abinsu. Ba za a kafa waya ba sai na dawo. Ku aiko mini ranar da za ku buɗe, in zo in gani da idona. Amma Baba, ka sani, kamfani zai sake kai ƙara, kuma ba lallai ni za a sake turowa ba."

"Wanda aka turo zai same mu," in ji shi.

Da motocin suka juya, wasu suka fara cewa ai yanzu sai a yafe hukuncin, tunda don jama'a aka yi. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce ba a taɓa yafe wa kowa ba, in aka fara a kansa, baɗi kowa zai zo da nasa dalilin. Ya ce su zauna da yamma su zaɓi wanda zai riƙe ƙungiya, a kuma kai Auta wurin mai ɗori tun hannun bai kumbura ba.

Sannan ya tsallake kututturen shi kaɗai, ya kutsa cikin ciyawar yana kiran shanunsa, domin a fitar da su tun ba su yi nisa da ɓarna ba. Ba su so fita ba. Ya daɗe a ciki, ana jin muryarsa ana ganin ciyawa na motsi, kafin ƙahon farko ya ɓullo a bakin mashigar.