Kaluluwar da ke Cikin Mama

Shekara goma sha tara tana wanke gilasai a ɗakin gwaje-gwajen asibitin, inda ake kawo naman da aka yanko daga jikin marasa lafiya. Kowa a wurin Goggo yake ce mata, har babbar likitar da ta girme ta da shekara biyu. Ta san warin ruwan da ke hana nama ruɓewa, amma ba ta taɓa kafa ido a madubin nan mai ƙara girman abu ba. Gogewa take yi ta rufe.

Sai ga shi wata Talata an kawo nata naman cikin roba mai murfi. Kansar mama ce, ta hagu. An yi mata aiki, an cire ƙullutun da abin da ke kewaye da shi.

Bayan kwana goma likitar ta aika a kira ta. Goggo ta zo da babbar 'yarta, wadda tun daga ƙofa take murza hannun jaka.

"Goggo, zauna nan kusa da ni."

"Likita, in mutuwa ce faɗa mini a tsaye, ƙafata lafiya lau."

"Ji ki. Wa zai wanke mana gilasai?" Likitar ta jawo kujera. "Kin san kaluluwa, wadda ke kumbura a hammata in yatsa ya yi ciwo? Wasu matan suna da ita a cikin maman kansa. Ke ma haka. Na tsince ta a gefen naman, ba ta kai ƙwayar wake ba. Cutar ta shige ta."

'Yar ta yi salati.

"In muka ga haka hankalinmu ba ya kwanciya," in ji likitar, "don alama ce cutar ta kama hanya, kuma sau da yawa sai a tarar ta riga ta kai hammata. To, na hammatarki huɗu aka ciro. Na yanka su sala-sala na duba, babu komai."

"Ke nan ta warke?" 'yar ta tambaya.

"Ba zan ce haka ba. Dole a ƙara mata da maganin da ake sawa ta jijiya, sannan a gasa wurin da na'ura. Amma hammatar nan da ta fito fes ta ba ni ƙarfin gwiwa."

Goggo ta juya. Madubin take kallo. Can ta ce, "Zan iya gani?"

Likitar ta ɗora siririn gilashi, ta kunna fitila. Da fari duhu kawai Goggo ta gani, sai gashin idonta yana gilmawa. Aka murɗa mata kaɗan, abin ya buɗe.

Ɗigo-ɗigo ne shuɗaye, dubbai a kan dubbai, sun cunkushe babu masaka tsinke, wata siririyar fata ruwan hoda ta zagaye su. Can a gefe, ƙarƙashin fatar, wasu manya ne karkatattu sun dunƙule wuri guda, kamanninsu daban.

"Manyan nan su ne baƙin," in ji likitar a hankali. "Ruwan jiki ya kwaso su daga ƙullutun, nan aka tace su."

"Ƙananan fa?"

"Naki ne. Aikinsu ke nan, duk abin da ya biyo ta nan sai sun bincike shi."

"Duk wannan taron cikin abin da bai kai wake ba?"

"Kuma kina da irinta ɗaruruwa, daga wuya har bayan gwiwa."

Goggo ta sake kafa ido a madubin. Ta daɗe a sunkuye, har ɗinkin ya fara ja mata, ba ta ɗago ba. Da ta ɗago idonta ya cika da ruwa, amma murmushi take yi.

"Ikon Allah," ta ce. "Shekara hamsin da biyu ina yawo da bayin Allah nan, ko sannu ban taɓa ce musu ba." Ta jawo 'yar. "Zo ki ga uwarki."

Maganin ya wahalar da ita. Ta yi amai, faratanta suka yi baƙi, gashinta ya zube a kan matashi. Sau biyu tana cewa ba za ta koma ba, sau biyu kuma ta riga 'yarta saka takalmi. Bayan wata tara ta dawo aiki, kuma shekara shida ke nan duk hoton da aka ɗauka babu abin da ya nuna. Gashin ya sake tsirowa fari fat, jikokinta suka ce sun fi son wannan.