Audugar da Ba a Buɗe Ba

Mata na tsakin zuwan al'ada, ita kuwa Auta roƙonta take yi. A shagon wanki da guga inda take aiki, bini-bini ta faɗa bayi, ta duba, ta fito kamar an aiko mata da mutuwa. Wayam! Ƙunshin audugar mata yana cikin jakarta tun bayan haihuwa, ledar har ta koɗe, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Auta, gudawa kike yi ne?" in ji mai shagon. "Ga riguna can suna jiranki."

Ai da gudawar ce da sauƙi.

Ɗanta, wanda suke kira Tsuntsu saboda ƙanƙantarsa, da wuƙa aka ciro shi, ita kuma da ƙyar aka tsayar mata da jini. Ranar sallama likita bai yi mata rufa-rufa ba. Ya ce mahaifar ta yi rauni a wurin ɗinkin, in ta ɗauki wani ciki kafin shekara biyu ana iya rasa ta, don haka ta dawo a yi mata tsarin iyali.

Amma Yaya, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarsu, ta ce, "Ke dai akwai tsoro! Mai shayarwa, muddin ba ta ga jini ba, ƙofa a kulle take. Biyar na haifa, ko allura ɗaya ba a taɓa yi min ba. Ranar da kika gani sai ki je."

Kuma Yaya ba ƙarya ta yi ba, abin da ta sani ta faɗa. Sai dai ita a gida take, ɗa a ƙirji dare da rana. Auta kuwa tun Tsuntsu bai iya zama ba ta koma kan dutsen guga, ta bar shi wurin Yaya da madarar gwangwani, sai da yamma ya ga nono. Mijinta direban babbar mota ne, in ya dawo daga tafiya shi ma da maganar Yaya yake kafa hujja, wai ai babba ce.

To ga shi yanzu warin sitati na tayar mata da zuciya, zik ɗin siket ya ƙi rufuwa. Ta ce gajiya ce, ta ce ƙiba ce. Ranar da ta ji abu ya motsa a ƙasan cibiyarta tana tsakiyar goge wuyan wata farar riga, sai ƙaurin ƙuna ne ya dawo da ita hayyacinta.

Washegari Yaya ta raka ta asibiti, ta zauna a benci da Tsuntsu. A ciki nas ta ɗora mata na'ura a mara, ɗakin ya cika da bugun wata zuciya, da sauri da sauri.

"Sista, wallahi ban ga jini ba," in ji Auta. "Ko ɗigo! Ki duba jakata ki gani."

"Haba baiwar Allah, ai ƙwai ke riga jini fitowa. In ciki ya shiga, jinin me za ki gani? Ya haura wata huɗu." Nas ta shafa tabon aikin da yatsa. "Za mu riƙa ganinki a kai a kai. Tsayuwar guga kuma ta ƙare."

Tsoro ya kama Auta, tsoro na gaske. Ta fito da niyyar zazzaga wa Yaya duk abin da ke bakinta, sai ta tarar Yaya ta riga ta karanta saƙon a fuskarta. Yaya ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Ni na ja miki, Auta, da bakina na ja miki."

Tsuntsu ya ga uwarsa, ya wangale baki da haƙoransa biyu, ya miƙo hannu. Auta ta karɓe shi, ta shinshina wuyansa, ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da shi cinyar Yaya.

"Daina kuka, Yaya. Daga yau a wurinki zai riƙa kwana."

"Don me? Ai bai isa yaye ba."

"Gara ya saba tun yanzu."