Ƙwan Watan Kartik

Ruwan damina ya janye daga tsakar gidan Jobeda, laka ta fara tsattsagewa, baƙar kazarta kuma ta shiga kwanci. Ko an kore ta daga tarin bambaro sai ta dawo tana kumbura gashi. Ta dace da lokaci. Wanda ya sa ƙwai a farkon Kartik, watan da ke biye da damina, 'yan tsakinsa za su fito daf da girbin shinkafa, su yi ta tsintar tsaba a masussuka, su yi gashi kafin sanyi ya sauko. Na tsakiyar damina danshi ke kashe su.

Jobeda ta fito da kaskon yumɓu, ta zuba toka, ta shimfiɗa bambaro a kai. Abin da za ta sa a ciki ne ya gagare ta. A kwando ga ƙwan kajin gida. A kwano ga ƙwan Sonali, kajin gona masu saurin girma, wanda Anjuara, matar ƙanin mijinta, ta kawo mata.

"Bubu, sa Sonali mana," in ji Anjuara daga bakin ƙofa, tana taunar ganyen pan kamar goro. Bubu take ce mata, wato yaya. "Ba da sanyi Tofazzal ya ce zai zo ba? Kafin nan sun isa yanka. Waɗannan 'yan gidan naki kuwa, sai ya zo ya koma ba su fi dunƙulen hannu ba."

"Naman Sonali kamar auduga yake. Ba ya ci."

"Mutumin da ke cin girkin gwauraye a Maleshiya? Ko ƙafar kujera kika dafa masa da barkono sai ya suɗe kwanon."

Jobeda ta yi 'yar dariya. Tofazzal shi kaɗai ne ɗanta, yana can yana saran kwakwar manja. Bara ma da sanyi ya ce zai zo. Ta yi kiwon Sonali, suka cika, suka yi ta ci suna jira tare da ita, har ranar da dillali ya rataye su a bayan keke ya tafi da su kai a ƙasa.

Bayan azahar wayarta ta yi ƙara. Fuskar Tofazzal ta bayyana, ya rame, ya ɗaura tawul a ka.

"Amma, kin ci shinkafa?" ya tambaya. Amma yake ce mata, wato inna.

"Na ci, Baba. Kai fa?"

Ba ta taɓa tambayarsa yaushe zai dawo ba, don ta san tambayar na sa muryarsa rawa. Sai ta juya wayar ta nuna masa kaskon.

"Baƙar kazar ta yi kwanci. Ga na gida, ga Sonali. Wanne zan sa?"

A cikin kaji ya tashi. Ya san Sonali da sanyi take isa tukunya, 'yar gida kuwa sai zafi ya dawo, mangwaro ya fara nuna. Ya kau da kai, ya dubi wani abu da ba ta iya gani. Ana jin kukan inji a bayansa.

"Sa na gida, Amma," ya ce a hankali. "Kin san su na fi so."

"Na sani."

Wani ya kira sunansa, wayar ta katse.

Anjuara ta tofar da pan. Ta zo ta tsuguna kusa da kwandon, tana ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a hasken rana.

"Masu tsini za mu zaɓa, ko? Su ke ba da zakaru. Zakara ake yanka wa baƙo."

Jobeda ta karɓi mai tsinin daga hannunta ta mayar kwando.

"Ba ni masu zagaye. Mata nake so. Su yi ƙwai, su yi kwanci, 'ya'yansu ma su yi. Duk watan da ya ga dama ya zo, ba zai tarar da gidan nan babu kaza ba."