Kafaɗar Rab Tulloch

Hamish Geddes bai gama rufe ƙofar tasi ba ya ga labulen tagar kicin ya motsa. Kafin ya kai ga ƙararrawa Morag, matar gidan, ta buɗe, hannunta duk garin fulawa.

"Da waya ka bugo, Hamish," in ji ta.

"Hanya ce ta biyo da ni."

"Daga Glasgow? Ba hanyar da ke biyowa ta Arbroath. Daga nan sai teku."

Kowa a tawagar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ya san halin kocinta, Geddes. In albishir ne, waya yake bugawa, minti biyu an gama. In labarin ba daɗi, sai ya sa doguwar kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya hau jirgin ƙasa, ya zo har gida. Shi kansa, shekara ashirin da biyu da suka wuce, a rediyon wani shagon soya kifi ya ji an cire shi daga tawagar, bayan wasa sittin da ɗaya, yana tsaye a layi. Mai shagon ya ƙara masa dankali don jaje. Ran nan Geddes ya rantse in iko ya zo hannunsa ba zai yi wa kowa haka ba. Iko ya zo, ya cika alkawari, ga shi yanzu matan 'yan wasa sun fi tsoron kwat ɗin nan a kan motar asibiti.

Gobe da tsakar rana zai karanta sunayen mutum ashirin da shida da za su je gasar nahiya. Rab Tulloch, mijin Morag, shekara goma sha biyar yana tsare wa ƙasar raga, duk a shekarun da ba ta zuwa ko'ina. Bana ta samu shiga. Bana kuma Rab ya cika talatin da tara, kafaɗarsa ta hagu ta fara aiki ran da ta ga dama.

Rab yana zaune a kicin, ya cika kujerar.

"Oga! Kai da kwat ɗin nan? Wa ya mutu?"

"Shayi na zo sha."

"To zauna. Morag, ɓoye biskit mai cakulan, wannan baƙon bai cancanta ba."

Geddes ya zauna. Rab yana ɗan shekara sha bakwai ya fara saninsa, lokacin Geddes ne kyaftin ɗin kulob, gwiwoyinsa sun fara ƙara. A zamanin, sabon ɗan wasa shi ke wanke takalman manya, kuma Rab ne aka ba nasa. Wanka a kwami ɗaya ake yi, mutum sha ɗaya cikin ruwa mai launin kofi. A hutun rabin lokaci shayi mai sukari uku ake sha, wani har da taba a banɗaki. In an tashi atisaye, sai Geddes ya riƙa buga wa Rab ƙwallo har mai gyaran fili ya kore su da zagi. Yanzu tawagar tana da likitoci huɗu da wani mutum da aikinsa kawai auna barcin 'yan wasa, amma har yau Geddes bai ga wanda ya fi su jin daɗin wasan ba.

Rab ya tashi ɗauko gwangwanin shayi daga saman kanta. Gwangwanin yana hagunsa, amma sai da ya juya jikinsa gaba ɗaya ya miƙa hannun dama. Geddes ya gani. Rab ya ga ya gani.

"Kada ka ce komai tukuna," in ji Rab. "Mu je bakin ruwa. Uku za ka buga min, kamar da. In na kama duka, ka koma ka sake tunani."

"Da wannan takalmin? Shekarata hamsin da shida, Rab."

"Ai shi ya sa na zaɓe ka."

Ruwan teku ya janye, yashi ya yi tauri. Iska ta kawo ƙamshin kifin da ake bandawa a bayan tashar jiragen ruwa. Rigar sanyin Rab ta zama turken raga ɗaya, kwat mai ruwan toka ta zama ɗayan. Wata tsohuwa da karenta suka tsaya kallo.

Geddes ya buga ta farko ƙasa-ƙasa, dama da Rab. Ya cafke ta kamar an miƙa masa jariri.

"Kakata ta fi ka ƙarfin ƙafa, Oga!"

Ta biyu ma dama, da ɗan ƙarfi. Rab ya yi tsalle ya ture ta, ya tashi yana dariya, yashi a gemunsa. Na ɗan lokaci Geddes ya ga siririn yaron nan mai manyan kunnuwa da ba ya gajiya da faɗuwa.

Ya ajiye ƙwallon karo na uku, ya daɗe yana gyara mata zama. Ya san ba kuskure ne ya kai biyun farko dama ba. Ya kuma san duk wani ɗan wasan gaba a nahiyar ya kalli hotunan kafaɗar nan, kuma babu ɗayansu da Rab ya taɓa wanke wa takalmi.

Ya buga ta sama, hagu.

Rab ya gane inda za ta tun kafin ta bar ƙafa, bai makara ba. Jikinsa ya tafi, hannun ya tashi har daidai kunne, ya tsaya nan. Ƙwallon ta wuce ta faɗa ruwa, karen tsohuwar ya bi ta.

Rab ya daɗe kwance yana kallon sama.

"Ƙafar tana nan, tsoho."

"Ita kaɗai ta rage."

"Alfarma ɗaya. Bar ni in faɗa da bakina, yau da yamma, kafin ka karanta takardarka. Zan ce na gaji, ina son zama da iyali."

"Morag za ta yarda?"

"Morag gani take na cika mata kicin. Amma za ta yi shiru."

Geddes ya miƙa masa hannu, ya lura da kyau ya kama na dama.

Ƙarfe biyar, jirgin ƙasan da Geddes ya hau ya wuce Dundee, wayarsa ta yi ƙara. Wani ɗan jarida ne da ya san shi tun yana wasa.

"Koci, ka ga sanarwar Tulloch? Ana gobe fitar da sunaye! Ba ka yi ƙoƙarin hana shi ba?"

Geddes ya cire takalmi ɗaya, ya zazzage yashi a ƙarƙashin kujera.

"Har gidansa na je," ya ce. "Sau biyu na lallaɓa shi. A na uku na haƙura."